Zanen allura: Yadda ake koyon surfanin siliki a makarantar da ke fadar Hampton Court

Wanda ya hango aikin daga nesa zai rantse da burushi da fenti aka yi shi. Kunnen fure ya tashi da ja mai duhu daga gindinsa, ya bi ta ruwan hoda, ya ƙare da fari-fari a baki, ba tare da ido ya kama inda wani launi ya tsaya wani ya ɗauka ba. Sai an matso kusa ake gane cewa zare ne, sili bayan sili, ɗaruruwa ko dubbai, kowanne kwance a jikin ɗan'uwansa.

Wannan shi ne salon surfanin da Turawan Ingila ke kira "silk shading", wato fitar da haske da inuwa da zaren siliki. Wasu na ce masa zanen allura, wasu kuma zanen zare. Yana cikin nau'o'in ɗinkin ado na hannu da masu koyo suka fi shakka, yana kuma cikin darussan da sai ɗalibi ya ci kafin ya karɓi takardar shaida a makarantar Royal School of Needlework ta Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta da RSN.

Mutane da dama na ɗaukar irin wannan aiki a matsayin baiwa da ake haifar mutum da ita. Makarantar kuwa ta shafe fiye da shekara 150 tana koyar da shi daki-daki, da ƙa'idoji da jarrabawa. Abin da ɗalibi ke fara ganewa idan ya zauna a ajin shi ne, horon ido ya fi horon hannu wuya.

Mene ne zanen allura?

A yawancin ɗinkin ado, kowane launi yana da gurbinsa da iyakarsa. Ja na nan, kore na can, akwai layi tsakaninsu. A zanen allura ana so ne iyakar ta ɓace, launuka su saje da juna kamar yadda suke a jikin ganye ko fiffiken tsuntsu.

Kusan dukkan aikin ya dogara ne a kan ɗinki iri ɗaya, wanda ake kira dogo-da-gajere. Ana jera layin farko na ɗinki wani dogo wani gajere, domin bakin layin ya zama ba daidai ba, kamar haƙoran tsohon matashi. Layi na biyu sai ya kutsa cikin na farko da zare mai launin da ya ɗan bambanta, na uku ya kutsa cikin na biyu, haka har a cike siffar. Da yake babu inda layi ya tsaya a miƙe, ido ba ya samun wurin da zai ce nan aka sauya zare.

Salon ya kasu gida biyu. Akwai wanda ɗinkin ke bin yadda abu ya tsiro, yana lanƙwasa tare da ganye ko gashin dabba. Akwai kuma wanda dukkan ɗinkin ke tafiya a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kamar saƙar darduma ta bango, wanda aka fi amfani da shi wajen fitar da fuskokin mutane da naɗe-naɗen tufafi.

Daga ina ya samo asali?

Babu ƙasa ɗaya da za ta ce ita kaɗai ta ƙirƙiro shi, amma tushensa mafi tsufa da zurfi yana ƙasar Sin, inda aka fara kiwon tsutsar siliki. A zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga shekarar 960 zuwa 1279, masu surfani sun riƙa kwaikwayon zanen furanni da tsuntsaye na manyan masu zane da allura. Har yau birnin Suzhou ya yi fice a wannan sana'a, inda ƙwararru ke tsaga silin siliki ɗaya gida-gida har ya fi gashin kai siranta. Surfanin Suzhou ɗaya ne daga cikin manyan salo huɗu na ƙasar, tare da na lardunan Hunan da Sichuan da Guangdong.

A Ingila kuma, tsakanin ƙarni na 12 da na 14, masu surfanin birnin Landan sun yi suna a faɗin Turai da wani aiki na siliki da zaren zinare da ake kira Opus Anglicanum da Latin, ma'ana aikin Ingila. Mafi yawansa rigunan limaman coci ne. Wani lissafin kayan fadar Fafaroma na shekarar 1295 ya ambaci irin waɗannan kaya fiye da 100. Masu aikin suna amfani da ƙananan ɗinkin tsaga zare, suna juya shi a kumatu da goshi domin fuska ta fito kamar mai tudu da kwari. Ana iya ganin wasu daga cikin rigunan a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan.

A ƙarni na 18 wasu matan Ingila sun mayar da hankali ga kwafar zanen fenti da allura. Wadda ta fi shahara ita ce Mary Linwood, wadda aka haifa a 1755 ta rasu a 1845. Da zaren ulu ta yi yawancin aikinta, ta kuma yi shekaru masu yawa tana baje kolinsa a Landan, jama'a na biyan kuɗi su shiga kallo.

Daga baya kasuwa ta juya. A ƙarni na 19 wani salo da ake kira aikin ulu na Berlin ya mamaye gidaje. Ana sayen takarda mai ƙananan murabba'ai da aka riga aka shafa wa launi, mai ɗinki ta ƙirga ramukan yadi ta kwafa. Aikin yana da sauƙi, kowa na iya yi, amma ba ya buƙatar mai shi ta iya zane ko ta san yadda haske ke sauka a kan abu. Masu kishin sana'ar hannu, ciki har da fitaccen mai zayyana William Morris, sun ga cewa tsohuwar ƙwarewa na neman salwanta.

Makarantar da ta faro a saman shago

Cikin wannan yanayi ne Lady Victoria Welby ta kafa makarantar a shekarar 1872, da manufa biyu: farfaɗo da surfanin hannu a matsayin fasaha, da samar da aikin yi ga mata masu ilimi waɗanda mutuwar miji ko uba ta bar su ba abin hannu. An fara ne a wani ɗan ɗaki da ke saman shagon sayar da hulunan mata a titin Sloane a Landan, da mata kimanin 20.

Shugabarta ta farko ita ce Gimbiya Helena, 'yar Sarauniya Victoria. A 1875 Sarauniyar da kanta ta zama uwar makarantar, abin da ya ba ta damar ƙara kalmar da ke nuna alaƙa da gidan sarauta a sunanta. Shekara ɗaya bayan haka ta kai ayyukanta babban baje kolin da aka yi a Philadelphia ta Amurka, inda suka ja hankalin matan ƙasar. Manyan masu zane na lokacin, irin su William Morris da Edward Burne-Jones da Walter Crane, sun zana mata fasali.

A 1903 ta koma ginin kanta a titin Exhibition da ke unguwar South Kensington. Tun 1987 kuma mazauninta yana cikin fadar Hampton Court, a bakin kogin Thames, kudu maso yammacin Landan. Kadinal Thomas Wolsey ne ya soma gina fadar a farkon ƙarni na 16, kafin ta koma hannun Sarki Henry na Takwas. Makarantar ƙungiya ce ta jin ƙai mai rajista, tana rayuwa da kuɗin karatu da ladan ayyukan da ake kawo mata da kuma gudummawa.

Yadda aka tsara karatun

Akwai hanyoyi da yawa na shiga. Ana yin azuzuwan yini ɗaya ko biyu ga masu son ɗanɗanawa, akwai karatun digiri a fannin surfanin hannu, akwai kuma shirin shekara uku na horar da malamai. Amma hanyar da galibin manya masu aiki ko iyali ke bi ita ce ta satifiket da difiloma, domin ba a neman wata takardar karatu kafin a shiga, kuma ɗalibi na iya tsara ranakunsa.

Matakin satifiket yana da darussa huɗu. Ana farawa da surfanin ulu a kan yadin lilin, irin na zamanin Sarki James na Ɗaya, inda ɗalibi ke koyon ɗaure yadi da sarrafa zare da ɗinki iri-iri. Akwai darasin ɗinkin ƙirga, inda ake zaɓar ko dai aiki a kan yadi mai raga ko kuma aikin baƙin zare a kan farin yadi. Sauran biyun su ne zanen allura da aikin zaren zinare.

Kowane darasi yana da kwana takwas na koyarwa gaba da gaba da malami. Wasu na rarraba kwanakin cikin watanni, wasu na haɗa su a makonni biyu lokacin bazara. Kwanakin aji kaɗai ba sa isa a gama aiki, saboda haka yawancin ɗinkin a gida ake yin sa tsakanin zama da zama. Ba a koyar da aji gaba ɗaya a kan allo. Kowane ɗalibi yana kan aikinsa, malama na zagayawa tana dubawa, ta nuna ɗinki biyu ko uku ta wuce.

A wannan mataki ana buƙatar ɗalibi ya fitar da wani abu mai tsiro: fure, ko ɗan itace, ko kayan lambu. Ana so siffar ta ƙunshi wurin da ganye ko kunnen fure ya naɗe ya nuna bayansa, domin a nan ne ake gane ko ɗalibi ya iya juya ɗinki. Girman aikin da wuya ya wuce tafin hannu. Dabbobi da tsuntsaye, masu gashi da ido da ƙyalli, sai a matakin difiloma.

Kafin a zura zare a allura

Sabon ɗalibi kan yi mamakin yawan lokacin da ke tafiya kafin a yi ɗinkin farko.

Da farko ana zaɓar hoto mai kyau, wanda ke nuna a fili inda haske ya fito da inda inuwa ta faɗa. Hoton da aka ɗauka cikin haske mai yawa ta kowane ɓangare ba ya da amfani, domin komai zai fito a shimfiɗe.

Daga hoton ɗalibi zai fitar da zane-zane da dama a takarda. Ɗaya na layin siffar kawai. Ɗaya na baƙi da fari da fensir, mai nuna duhu da haske ba tare da launi ba. Ɗaya na fensir mai launi. Wani kuma na ƙananan layuka masu nuna alƙiblar da ɗinki zai bi a kowane sashe. Na ƙarshe yana ɗauke da lambobi, yana faɗin wane sashe za a fara da wanda zai biyo.

Zanen baƙi da farin nan shi ne ginshiƙi. Launi yakan yaudari ido: ja mai haske da kore mai duhu na iya zama kamar ƙarfinsu ɗaya, alhali idan aka cire launin, ɗaya ya ninka ɗaya duhu. Ɗalibin da bai ga wannan a takarda ba, ba zai gan shi a zare ba, furensa kuma zai fito kamar an danne shi da dutsen guga.

Sai kuma ɗaure yadi. Makarantar na amfani da firam ɗin katako mai sanduna huɗu. Ana ɗinke akoko a jikin sandunan sama da ƙasa, a ja gefe da gefe da kirtani, sannan a ɗora yadin siliki a kan akokon a ɗinke shi. Ana ci gaba da ja har yadin ya yi tauri kamar fatar ganga. Idan ya yi sako-sako, nauyin ɗinkin zai tattare shi, kuma ba a iya gyara wannan bayan an gama.

Hanyar sauke zane a kan yadi tsohuwa ce. Ana kwafar layin siffar a takarda mai shara-shara, a bi shi da allura ana huda ƙananan ramuka. A ɗora takardar a kan yadin, a goga garin gawayi ko wani farin gari a kai, ya zuba ta ramukan ya bar ɗigo-ɗigo. Sai a haɗa ɗigon da siririn burushi da fenti, a kakkaɓe garin. Layin fentin dole ya zama siriri, domin ɗinki ne zai rufe shi, kuma duk inda ya leƙo za a gani.

Ana ɗora firam ɗin a kan ƙafafun katako biyu don hannuwa su samu sakewa. Hannu ɗaya yana sama da yadi, ɗaya yana ƙasa, suna miƙa wa juna allura. Ga wanda ya saba riƙe yadi da hannu ɗaya yana ɗinki da ɗayan, wannan kaɗai yakan ɗauki kwanaki kafin ya zauna.

Yadda ɗinkin ke tafiya

Ana farawa da abin da ke can baya a hoton, a ƙare da na gaba, domin kowane sashe ya hau kan bakin wanda ke bayansa kamar yadda yake a zahiri.

Kafin a cike sashe, ana zagaye bakinsa da ƙananan ɗinkin tsaga, inda allura ke fitowa ta tsakiyar ɗinkin da ya gabata. Wannan layi shi ne katangar da ke ba siffar baki mai kaifi, ya kuma ɗan ɗaga ta.

Layin farko yana farawa daga tsakiyar bakin sashen, a yi gefe ɗaya, a dawo a yi ɗayan. Allura na fitowa daga cikin siffar, ta sauka a bayan katangar ta rufe ta. Tsawon ɗinki kan kai kimanin santimita ɗaya, gajeren kuma ya ɗan gaza haka. Dole su matsu da juna har ba a ganin yadi a tsakani, amma kada su hau kan juna.

Daga layi na biyu tafiyar na juyawa. Allura na fitowa ta cikin zaren layin farko, tana tsaga shi, ta sauka a yadin da ba a taɓa ba. Ana so ta koma can ciki sosai, ta cinye kaso mai yawa na layin baya. A nan sunan ɗinkin ke ruɗa masu koyo, domin bayan layin farko kusan duk ɗinkin dogaye ne. Wurin farawa da wurin ƙarewarsu ne ke bambanta.

Da yake launuka da yawa na aiki a lokaci guda, mai ɗinki kan zura allurai biyar ko goma ko fiye, kowace da launinta. Wadda ba a buƙata a yanzu sai a soke ta a gefe ta jira. Ba a barin ƙulli a bayan aiki. Ana kafa zare da ƙananan ɗinki biyu a wurin da za a rufe daga baya, a yanke wutsiyar.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe

Kuskure mafi yawa shi ne tsari ya yi yawa. Hannun da ya saba da ɗinkin ƙirga yana son dogo, gajere, dogo, gajere, daidai wa daida. Sakamakon haka launuka na fitowa zube-zube kamar jikin jakin dawa. Malamai kan sha fama kafin su sa ɗalibi ya saki hannu, ya bar wasu ɗinkin su zarce, wasu su tsaya baya, ya jefa silin duhu ɗaya cikin haske inda hoton ya nuna haka.

Na biyu shi ne ɓacewar alƙibla. Kunnen fure yana da faɗi a baki, ya tsuke a gindi. Idan ɗinkin bai riƙa karkata a hankali zuwa gindin ba, sai a wayi gari layuka sun yi karo. Ana magance wannan da saka gajerun ɗinki a wurare masu faɗi, da rage yawansu a inda siffar ta tsuke.

Na uku shi ne tsoron duhu. Masu koyo kan ga zare mai duhu a hannu su ce ya yi yawa, su zaɓi mai sauƙi. Amma inuwar da ke ƙarƙashin naɗin ganye ita ce ke sa ganyen ya tashi daga yadi. Idan babu ita, duk kyawun ɗinkin ba ya ceton aikin.

Akwai kuma wahalar warwara. Da yake kowane layi ya shiga cikin na baya ya tsaga shi, ba a iya zare ɗinki ɗaya a huta. Sai an yanka da ƙaramin almakashi, a tsince da matsefata, kuma yadin siliki ba ya jure huda sau da yawa a wuri ɗaya. Wannan ne ya sa ake shawartar ɗalibi ya riƙa tashi yana kallon aikin daga nesa, ko ya ɗauki hotonsa a waya ya mayar baƙi da fari ya gwada da zanensa na farko.

Me ya sa ake koyo da auduga?

Duk da sunan siliki da salon ke ɗauke da shi, ɗaliban satifiket da zaren auduga suke aiki. Zare ne mai sili shida da ake warewa a ɗauki ɗaya, irin wanda kamfanonin DMC da Anchor ke yi. DMC, wanda aka kafa a garin Mulhouse na Faransa a 1746, yana da launuka ɗaruruwa, kowanne da lambarsa, saboda haka ɗalibi na iya samun kore iri goma masu bin juna daga haske zuwa duhu. Audugar tana da ɗan ƙyalli saboda wani wanki na sinadari da Bature John Mercer ya gano a 1844.

Siliki ya fi tsada, ya fi santsi, yana kuma maƙalewa a duk wani kaushi na yatsa. Sannan yana da wata ɗabi'a da ke rikita mai koyo. Zarensa yana mayar da haske sosai, ta yadda launi ɗaya kan yi kamar biyu idan alƙiblar ɗinki ta sauya. A hannun ƙwararre wannan riba ce, domin zare ɗaya zai ba shi haske da inuwa. A hannun sabon shiga kuwa yana ɓoye masa ko sauyin da yake gani daga zaɓin launinsa ne ko daga ƙyallin zare.

Ranar tantancewa

Gama ɗinki ba shi ne gama darasi ba. Ɗalibi zai cire aikin daga firam, ya shimfiɗa shi a kan kwali mai kauri da aka lulluɓe da yadi, ya ja shi da fil-fil ta kowane gefe har zaren yadin ya miƙe, ya ɗinke baya, ya rufe da wani yadin. Wannan ma yana da makinsa.

Masu tantancewa na duba fasalin da ɗalibi ya zaɓa da zane-zanen shirinsa, da santsin ɗinki, da sajewar launi, da kaifin baki, da ko fentin zane ya leƙo. Suna duba tsabta. Saboda haka ne ake rufe sassan da ba a aiki a kansu da takarda mai laushi, ake yawan wanke hannu, ba a kuma kusantar firam da abinci ko shayi.

Hannu da yawa, aiki ɗaya

Wanda ya ga tsananin waɗannan ƙa'idoji zai iya tambayar amfaninsu. Amsar na cikin ɗakin ayyukan makarantar, inda ƙwararru ke karɓar kwangilar sabbin ayyuka da gyaran tsofaffi. Tun farko an horar da ma'aikatan ne su riƙa ɗinki iri ɗaya, ta yadda mutum zai tashi wani ya zauna a kujerarsa ya ci gaba, ba tare da an gane inda hannu ya sauya ba. Sanannen kirari ne a makarantar cewa kujera ba ta yin sanyi.

Da wannan tsari ne ta iya kammala manyan ayyuka cikin ƙurarren lokaci. Ita ta yi mayafin da aka lulluɓe akwatin gawar Sarauniya Victoria a 1901. A 1953 ma'aikatanta 12 sun shafe sa'o'i 3,500 suna yi wa alkyabbar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ado da zaren zinare iri 18. A 2011 su ne suka ɗora leshin rigar auren Catherine Middleton, inda suka riƙa wanke hannu duk bayan minti 30, suna sauya allura duk bayan sa'a uku.

A naɗin Sarki Charles na Uku a 2023, makarantar ta yi aikin alkyabbar Sarauniya Camilla, da kuma labulen da aka kare Sarkin da shi lokacin shafa masa mai. Labulen na ɗauke da hoton bishiya mai ganye 56, kowanne da sunan ƙasa ɗaya ta ƙungiyar Commonwealth, wadda Najeriya da Ghana da Kamaru ke cikinta. Waɗannan ayyuka ba duka ba ne zanen allura, amma hannayen da suka yi su ta irin wannan horo suka biyo.

Yaya yake idan aka gwada da surfanin babbar riga?

Siliki ba baƙo ba ne ga masu aikin allura na ƙasar Hausa. Tsofaffin manyan riguna an yi musu aiki da zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsar daji, da kuma jan alharini da fatake suka riƙa ratso Sahara da shi zuwa Kano. Aska takwas da aska biyu su ma sai an zana su a jikin riga kafin a sa allura, kuma riga ɗaya kan ci watanni.

Bambancin na wurin abin da ake nema. Aikin babbar riga yana fitar da kyawunsa ne ta siffofi da cikar ɗinki da kaurinsa, sau da yawa da launi ɗaya tak. Zanen allura kuwa yana bin hoton abu ne kamar yadda ido ke ganinsa cikin haske. Wanda ya iya ɗaya yana da haƙuri da saitin hannun da ɗayan ke buƙata, amma zai koyi kallon inuwa daga farko.

Tsada, lokaci da sauran hanyoyi

Karatun ba mai arha ba ne. Bayan kuɗin kwanakin aji akwai na tantancewa da firam da yadi da zare, ga kuɗin tafiya da masauki ga wanda ya fito daga nesa. Da yawa daga cikin ɗaliban satifiket kan ɗauki shekaru kafin su kammala darussa huɗun. Sana'ar kuma ba ta saurin mayar da kuɗi, domin keken surfani mai kwamfuta na iya cike siffar fure cikin mintuna, a farashin da hannu ba zai iya gogayya da shi ba.

Inda hannu ke da kasuwa har yanzu shi ne gidajen ɗinkin manyan tufafi, da kayan fim da wasan kwaikwayo, da kayan coci da na soja, da gyaran tsofaffin yadudduka a gidajen tarihi, da koyarwa. Na'ura ba ta iya duban tsohon surfani mai shekara 200 ta gane alƙiblar da mai shi ya bi, ta cike inda ya lalace ba tare da an gane ba.

Makarantar na koyar da satifiket a wasu garuruwan Birtaniya, irin su Bristol da Durham, ta kuma kai darussa Amurka da Japan. Tun lokacin annobar korona ta buɗe koyarwa ta intanet, inda ɗalibi ke saita kyamara a kan firam ɗinsa malama na kallo daga nesa. A 2021 ta ƙaddamar da wani rumbun intanet mai suna RSN Stitch Bank, wanda ke nuna ɗinki iri-iri da hotuna da bidiyo kyauta. A Faransa ma akwai makarantar Lesage da ke Paris, wadda ta fi karkata ga adon manyan tufafi.

Wanda ke son gwadawa kafin ya kashe kuɗi ba ya buƙatar kaya masu yawa: ƙaramar ƙawanyar ɗaure yadi, siririyar allura, farin yadi mai ƙarfi, da kore huɗu ko biyar masu bin juna. Sai ya tsinko ganye ɗaya ya ajiye kusa da taga, ya zana shi da fensir baƙi da fari kafin ya taɓa zare. Da wannan zanen ɗaliban Hampton Court ma suke farawa.